Yadda ake zaɓen manhajar nazarin bayanan kasuwanci

Wani dattijo da ke sarin kayan masarufi kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato ya taɓa kira na ofishinsa bayan La'asar. Yana da babban sito a cikin gari, da reshe a Illela, da wani a Tambuwal. Ɗansa ne ya dawo daga wani taro a Abuja da labarin manhajar da za ta riƙa nuna musu halin da kasuwancin yake ciki a fuskar waya. Na buɗe laftof, na yi ta nuna masa zane-zane masu launi, ja da kore da shuɗi. Ya bar ni sai da na kai aya, sannan ya ce, "Malam, na gani, kuma ya yi kyau. To amma wanga abu, shina iya gaya man wa ka riƙe man kuɗɗi tun kahin azumi?"

Ban da amsa a ranar, domin bashin yana cikin littattafai uku a garuruwa uku, wani kuma yana cikin kan yaron shago. Tun daga lokacin na daina fara wannan aiki da nuna manhaja.

Irin waɗannan manhajoji, da masu harkar ke taƙaita sunansu da haruffan BI, aikinsu ɗaya ne: su kwaso bayanan da suka warwatse a wurare daban-daban, na ciniki da na sito da na bashi da na banki, su haɗa su wuri guda, su mayar da su allon rahoto da mutum zai duba ya yanke shawara. Ba sa rubuta ciniki, ba sa fitar da rasit. Abin da aka riga aka rubuta suke karantawa. (In na ce bayanai, ina nufin abin da kamfani ya rubuta ya ajiye. A nan garin in ka ce wa mutum "data", zai ɗauka wadda ake saye a waya kake nufi, kuma na sha ganin an yi rabin taro kowa na magana a kan abu daban.)

Fara da tambayoyi, a kan takarda

Kafin ka kira kowane dillali, zauna da mai dukiyar, da manaja, da mai kula da sito, kowa shi kaɗai. Tambaye su shawarar da suke yankewa kowane mako da ka, ba tare da tabbaci ba. Rubuta amsoshin yadda suka faɗe su. Abin da za ka ji bai wuce irin wannan: wane kaya ne ya yi wata biyu a sito bai motsa ba? Wa ya wuce kwana talatin bai biya ba, kuma aka sake ba shi kaya? Nawa ya kamata mu yi odar sukari kafin azumi? Wane reshe ne ke ciniki da yawa amma ba a ganin ribarsa? Madarar da ke sito yaushe wa'adinta zai ƙare?

Daga nan ka tsayar da biyar, in sun yi yawa bakwai. Kowace tambaya ka rubuta abu uku a gefenta: wa zai duba amsar, sau nawa, kuma me zai yi in ya gani. Tambayar da ba wanda zai yi wani abu da amsarta, soke ta. "Muna son mu ga komai" ba tambaya ba ce, kuma ita ce ke sa kamfanoni sayen abin da ya fi ƙarfin buƙatarsu.

Maganar "sau nawa" tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Dillali zai yi maka tallar rahoton da ke sabunta kansa kowane minti. Mai sarin kayan masarufi da ke yin oda sau ɗaya a mako ba ya buƙatar haka. Rahoton jiya da aka sabunta da asuba ya ishe shi, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Duba halin da bayananka suke ciki

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kowa ke son tsallakewa. Ɗauki tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ka bi sawun inda amsar kowacce take kwance. Wani abin yana cikin manhajar lissafi irin su QuickBooks ko Sage ko Tally ko Odoo. Wani yana cikin Excel a kwamfutar akanta. Wani yana cikin bayanin asusun banki da na na'urar POS. Wani kuwa hoton shafin littafi ne da manajan reshe ke turowa ta WhatsApp kowane dare. Abin da ke kan takarda ko a hoto, ba manhajar da za ta yi maka amfani da shi yadda ya kamata sai an shigar da shi kwamfuta. In rabin bayananka haka suke, dakatar da maganar saye, ka fara da tsara wa kowane reshe fom ɗaya na Excel ko Google Sheets, mai tsari iri ɗaya, su yi wata uku suna cikawa.

In kuma bayanan suna kwamfuta, fitar da na wata uku ka zauna ka karanta su da idonka. Ga abin da na saba tararwa.

Sunaye. Mutum ɗaya zai fito sau huɗu: Muhammad, Muhammadu, Moh'd, Mamman. Wani an rubuta masa Alhaji a gaba, wani an taƙaita, wani an liƙa masa sunan garinsu. A wurin kwamfuta waɗannan mutum huɗu ne, don haka bashin naira miliyan biyu zai rarrabu gida huɗu, ba wanda ya kai girman da zai ja hankali. Haka sunayen wurare: Sakkwato da Sokoto, Gwadabawa da G/bawa. Har haruffanmu masu lanƙwasa suna shiga ciki, domin Ɗanladi da Danladi ba ɗaya ba ne a wurinta. Maganin abin shi ne kowane abokin ciniki da kowane kaya a ba shi lamba ɗaya tak, a riƙa aiki da lambar, sunan ya zama na karantawa kawai.

Ma'auni. Wani reshe yana rubuta katan, wani yana rubuta ƙwaya, a layi ɗaya. Buhu akwai mai kilo 50, akwai mai kilo 25, duk an rubuta "buhu". Masu harkar hatsi da albasa sun fi kowa sanin wannan, domin kwanon wannan kasuwa ba lallai ya zama na waccan ba, kuma cikar buhun albasa a lokacin kaka daban take da ta lokacin da kaya ya yi wuya. Sai an zauna an yarda da ma'auni ɗaya, an rubuta yadda ake mayar da sauran zuwa gare shi.

Kwanan wata. Mu muna fara rubuta rana sannan wata, Amurka kuwa wata take farawa da shi. In kwamfutar wani reshe an saita ta da tsarin Amurka, 03/04 da aka rubuta da nufin 3 ga Afrilu zai koma 4 ga Maris, ba tare da wata alama ba. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da ya sa cinikin wani reshe ya yi tsalle a watan da aka san ba a yi kasuwa ba, ashe wannan ne.

Kuɗi. Wanda ke da reshe a Illela ya san ana karɓar sefa daga masu zuwa daga Birnin Konni. In ba a rubuta canjin da aka yi amfani da shi a ranar ba, lissafin ribar reshen zai zama ƙiyasi.

Sai ma'anar kalmomi. Tambayi akanta da manaja mene ne "ciniki". Ɗaya zai ce kayan da suka fita daga sito, ɗaya zai ce kuɗin da suka shigo hannu. A kasuwar da rabin kaya bashi ake bayarwa, tazarar da ke tsakanin biyun ba kaɗan ba ce. Rubuta ma'anar ciniki, da riba, da bashin da ya daɗe, a takarda guda, mai dukiya ya amince. In ba haka ba, ranar da allon rahoto ya fito, taron zai ƙare a musu kan wane ne lissafinsa ke daidai.

A wannan matakin ne kuma za ka san girman bayananka. Shafin Excel ɗaya yana ɗaukar layi 1,048,576. Kamfanin da ke rubuta layi 1,500 a rana zai yi kusan shekara biyu kafin ya cika shi. In naka bai kai ko kusa ba, kuma mutum biyu ko uku ne ke duba rahoto, ina faɗa maka tsakani da Allah, Excel ɗin da ke hannunka zai iya isar ka. A cikinsa akwai Power Query na tsaftace bayanai, da teburin taƙaitawa da ake kira Pivot, kuma mutane da yawa ba su taɓa buɗe su ba.

Wa zai duba, da me, kuma a ina?

Raba mutanenka gida biyu: masu gina rahoto da masu karantawa. A yawancin kamfanonin da ke garin nan mai ginawa ɗaya ne, da ƙyar biyu. Masu karantawa kuwa a waya za su duba, galibi Android, wani a cikin mota a hanyar Wurno ko Achida inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Rahoton da ya yi kyau a babban allon ofis zai iya zama tarkace a fuskar waya, don haka wayar ce ma'aunin.

Ka yi wa kanka gaskiya kan wuta da zafi. Wasu manhajojin a intanet suke zaune, a kwamfutocin kamfanin da ya yi su; naka shi ne ka biya ka shiga. Wasu kuma kai za ka girka su a babbar kwamfutarka, wadda ake ce wa saba. Ajiye saba a ofis a Sakkwato yana nufin wuta dare da rana, sola da batir ko janareta, da ɗaki mai sanyi a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, da kare ta daga ƙurar hunturu. Wanda ba shi da wannan, ya bar maganar ajiyewa a gida. Ko wanda ya zaɓi ta intanet ma bai tsira gaba ɗaya ba: in bayanan suna cikin kwamfutar ofis, akwai ƙaramar manhaja da ke zama gada tsakaninta da intanet, kuma dole kwamfutar ta kasance a kunne lokacin sabuntawa. Sa lokacin sabuntawar ya dace da lokacin da ka san akwai wuta, ko kuma ka mayar da fayilolin ma'ajiyar intanet irin OneDrive ko Google Drive.

Waɗanda ke kasuwa

Sai yanzu ne za a yi maganar sunaye. Suna da yawa, amma ƙaramin kamfani ko matsakaici bai kamata ya gwada fiye da biyu ko uku ba.

Power BI na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2015, shi ne wanda ka fi yiwuwar samun wanda ya iya shi a kusa. Ɓangaren da ake gina rahoto da shi, Power BI Desktop, kyauta ne, sai dai a kan Windows kaɗai yake aiki. Ana iya gina rahoto da shi ko babu intanet, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗi yana shigowa ne lokacin rabawa: a ƙaramin tsari, mai turawa da mai karantawa kowa sai da lasisin Pro, wanda tun Afrilun 2025 ya tashi daga dala 10 zuwa dala 14 a wata ga kowane mutum. Wannan lasisin yana ba da damar sabunta bayanai sau takwas a rana. Wani abin da ke tsayar da mutane a ranar farko shi ne ba a yin rajista da adireshin Gmail ko Yahoo, sai imel na kamfani. Wanda ya saba da Excel zai ji kamar gida, amma harshen lissafinsa da ake kira DAX sai an zauna an koya.

Looker Studio na Google, wanda kuma aka sani da sunan Data Studio, kyauta ne kuma asusun Gmail na yau da kullum ya isa. A burauza yake aiki, don haka in ba intanet ba aiki. In bayananka suna Google Sheets, cikin yini ɗaya za ka iya fitar da rahoto, ka kuma saita shi ya riƙa tura kansa ta imel kowace safiya. Rauninsa yana bayyana in bayanai sun yi yawa ko ana son haɗa tebura da dama da lissafi mai sarƙaƙiya. Kada a rikita shi da Looker zalla, wanda Google ya saya dala biliyan 2.6, wancan na manyan kamfanoni ne.

Tableau, wanda Salesforce ya saya a 2019, ya yi suna wajen kyan zane da sauƙin tona bayanai. Farashin da aka san shi da shi dala 75 ne a wata ga mai ginawa, dala 15 ga mai karantawa, kuma na shekara ake biya gaba ɗaya. Yana da dandalin kyauta, Tableau Public, amma duk abin da ka wallafa a can kowa a duniya zai iya gani. Wurin koyo ne, ba wurin ajiye littafin bashi ba.

Akwai kuma waɗanda aka saki kyauta ga duk mai son girkawa, irin su Metabase da Apache Superset, wanda aka fara ƙirƙira a kamfanin Airbnb. Ba kuɗin lasisi, ko mutum ɗari ne za su duba. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa: suna son bayanai su kasance cikin rumbun bayanai na gaske irin PostgreSQL ko MySQL, suna son saba, suna kuma son mutumin da zai riƙa kula da su. In kana da irin wannan mutum a cikin gida, Metabase yana da daɗin aiki, domin manaja zai iya yi masa tambaya da danne-danne kawai. In ba ka da shi, kuɗin da ka guje wa a lasisi za ka biya shi a albashi. Zoho Analytics da Qlik Sense su ma suna nan. Na farkon ya fi dacewa da wanda ya riga yana amfani da sauran manhajojin Zoho.

Ra'ayina, ga mai so: wanda rayuwarsa ke cikin Excel ya fara da Power BI, wanda ke cikin Google Sheets ya fara da Looker Studio. Abin da ka riga kake da shi ya fi yawan yanke hukuncin, fiye da jerin abubuwan burgewa da ke cikin takardar talla. Su ma sababbin dabarun nan na yi wa manhaja tambaya da baki ta amsa, kada su ɗauke maka hankali. In mutum ɗaya yana da suna huɗu a littafinka, amsar da za ta ba ka kuskure ce, sai dai za ta faɗe ta da ƙarfin gwiwa.

Yi lissafin shekara uku, da naira

Ɗauki kamfani mai mutum goma. A Power BI Pro, dala 14 sau 10 sau wata 12 ya kama dala 1,680 a shekara. In muka ƙaddara dala a naira 1,500, naira miliyan 2 da dubu 520 ke nan. A Tableau, mai ginawa ɗaya da masu karantawa tara sun kama dala 210 a wata, wato dala 2,520 a shekara. Wannan kafin harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, in ya hau kai.

Ka tuna abin da ya faru ba da daɗewa ba. Kafin a saki canji a Yunin 2023, dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗaure kansa da biyan dala ya wayi gari kuɗin manhajarsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Saboda haka yi lissafi biyu, ɗaya da canjin yau, ɗaya da canjin da ya fi shi da rabi, ka ga ko za ka iya ɗauka. Tambayi bankinka ko katinka zai biya a waje da iyakar da aka sa masa, ko ka nemi dillalin cikin gida mai izini da zai karɓi naira ya ba ka rasit.

Sannan ka ƙara abin da ba ya cikin takardar farashi: ladan wanda zai tsaftace bayanai ya gina rahoton farko, horar da ma'aikata, kuɗin intanet na rassa, laftof mai ƙarfi ga mai ginawa. A ayyukan da na yi, waɗannan sukan fi lasisin shekarar farko tsada. Akwai kuma hanyar rage kuɗi: ba kowa ne sai ya sami lasisi ba. Manajan reshen da shafi ɗaya kawai yake buƙata kowace Litinin, a fitar masa da shi a PDF a tura masa.

Gwaji da kayanka

Kada ka yarda da cinikin biri a sama. Kowane dillali yana da bayanan nuni masu tsafta, na wani kamfanin da babu shi, kuma kowace manhaja tana kyau a kansu. Ba shi naka na wata uku, da dattinsu, bayan ka cire sunaye da lambobin waya, da tambayoyinka biyar. Ba shi mako biyu. Yawancin manhajojin suna da lokacin gwaji kyauta.

Ranar duba sakamako, ɗauki jimillar cinikin wata ɗaya a allon ka gwada da ta akanta. Dole su dace har kwabo, ko a iya bayyana bambancin. Miƙa wa manajan da ya fi kowa ƙin kwamfuta wayarsa, ka ce ya nemo masu bashi goma mafi girma, kai kuma ka yi shiru kana duba agogo. Fita da wayar zuwa inda sabis ke da rauni ka ga ko shafin zai buɗe. Sa a ƙara sabon reshe ko sabon kaya a gabanka, ka ga ko aikin minti goma ne ko na kwana uku.

Akwai gwaji ɗaya da ba za ka same shi a littafin kowane dillali ba, kuma a wurinmu shi ne babba. Duk waɗannan manhajoji suna kwatanta watan bana da takwaransa na bara bisa kalandar Miladiyya. Kasuwarmu kuwa watan Musulunci take bi. Azumi yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara: a 2023 an ɗauka 23 ga Maris, a 2024 an ɗauka 11 ga Maris, a 2025 kuma 1 ga Maris. Sayayyar sukari da madara da dabino ta kafin azumi, wadda a 2024 ta faɗo farkon Maris, a 2025 ta koma Fabrairu. Allon zai nuna maka Fabrairu ya yi tashin gwauron zabi, ya sa maka kibiya kore, alhali ba abin da ya canza sai wata. Haka Babbar Sallah, 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Ce wa mai ginawa ya yi teburin kwanaki mai ɗauke da ranar Hijira a gefen ta Miladiyya, a riƙa gyara farkon wata bisa sanarwar fadar Sarkin Musulmi, domin a iya tambayar "mako biyu kafin azumi, bana da bara". A teburin nan ne kuma za a sa alamar ranakun kasuwannin ƙauye, da damina da kaka, da lokutan da ba na yau da kullum ba, kamar rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wadda Najeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai Maris na 2024. In ba a sa alama ba, reshen Illela zai fito kamar manajansa ne ya yi sakaci. Wanda ya kasa gane dalilin wannan buƙata, ba shi ne mutuminka ba, ko wace manhaja ya riƙo.

Sirri da doka

A farkon shigata wannan aiki na yi wata wauta. Don gudun biyan lasisi, na yi amfani da hanyar wallafa rahoto a intanet, na tura wa maigida mahaɗin. Manhajar ta gargaɗe ni cewa duk mai mahaɗin zai gani, na danna na wuce. Maigida ya tura wa ɗansa, ɗan ya tura wa wani, kafin Magariba jerin masu bashi da adadin kuɗinsu ya shiga wani zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. Sai da aka haɗa da manya aka je ba da haƙuri gida-gida. Laifina ne ni kaɗai.

Don haka tambayi waɗannan kafin ka sa hannu. Za a iya sa manajan Tambuwal ya ga na Tambuwal kaɗai, ba tare da an gina masa rahoto daban ba? Power BI da Tableau suna yi, Looker Studio yana da hanyar tacewa ta imel ɗin mai dubawa, a Metabase kuwa cikakken tsarin yana cikin nau'in da ake biya. In ma'aikaci ya bar aiki, minti nawa ake ɗauka a rufe masa ƙofa? Za a iya hana mai karantawa sauke bayanan gaba ɗaya zuwa wayarsa?

Sunan abokin ciniki da lambar wayarsa da bashinsa bayanan mutum ne, kuma tun Yunin 2023 akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, da hukumar NDPC da ke sa ido a kanta. Dokar ta shafi yadda ake tattarawa da ajiyewa, har da fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, wanda shi ne ke faruwa in manhajar tana zaune a kwamfutocin waje. Asibiti mai zaman kansa, ko makaranta, ko kantin magani, su nemi shawarar lauya kafin su ɗora komai. Ga sauran, mafi sauƙi shi ne abin da rahoto ba ya buƙata kada a ɗora shi. Lambar da aka ba abokin ciniki a madadin sunansa ta isa a yawancin shafuka.

Kafin a biya

Asusun manhajar a buɗe shi da sunan kamfani da imel ɗin kamfani, kalmar sirrin babban asusu ta kasance a hannun mai dukiya, ba a hannun wanda aka ɗauko ya gina ba, ko da ni ne. A rubuta cikin yarjejeniya cewa fayilolin rahoto da bayanin yadda aka yi kowane lissafi mallakar kamfani ne. A fara da biyan wata-wata in akwai dama, da mutum uku ko huɗu, ko da na shekara ya fi rangwame.

Sai a naɗa mutum ɗaya a cikin gida wanda abin zai zama nasa, a rage masa wani aikin don ya sami lokaci. Ba dole sai mai digirin kwamfuta ba. Akanta ko mai kula da sito da ya san kayan kuma ya iya Excel ya fi baƙon da ya iya manhaja bai san bambancin katan da dozin a sitonku ba. In ana son ƙarin hannu, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna yaye matasa masu ilimin lissafi da kwamfuta kowace shekara, kuma Microsoft da Google duk suna da darussan kyauta a intanet.

Bayan wata uku, buɗe shafin da ke nuna wa ya shiga da sau nawa. Lasisin da ba a taɓa ba a soke shi, shafin da ba a buɗewa a cire shi. Sannan a ɗauko takardar tambayoyin nan biyar, a zauna da maigida, a bi su ɗaya bayan ɗaya: wannan an amsa, me aka yi da amsar, nawa ta dawo da shi ko ta hana a rasa. Dattijon da na fara da labarinsa, daga ƙarshe Google Sheets da Looker Studio aka yi masa, shafi biyu kacal. Kowace Asabar da safe ɗansa yana buga masa na bashi a takarda, domin ya ce idonsa ba ya son hasken waya, shi kuma ya sa biro ya zagaye waɗanda ba za a ƙara ba kaya ba sai sun kawo wani abu.